Giyar ƙwarya da giyar kwalba: abin da harshen Ƙonni da Adar ya riƙe

Ƴan'uwa ɗalibai, na san akwai wanda zai ga kan wannan rubutu ya yi a'uziyya ya wuce shafi na gaba. To ya dakata kaɗan. Ni ba mashayiya ba ce, kuma hukuncin giya a addininmu sananne ne, ba ya jiran ɗalibar kimiyyar harshe ta ƙara masa ko wasali ɗaya. Kalmomi ne suka kawo ni nan. Hausa tana da giya, tana da burkutu, fito, bammi da barasa, ga kuma biya ko biyer da ta shigo daga baya. Al'umma ba ta tara sunaye har shida ga abin da ba ta taɓa gani ba. Kowane suna a cikinsu yana ɗauke da zamaninsa, da mutanen da suka yi abin, da dalilin da ya sa suka yi. A ƙasashen Turai mutane kan zauna su jera kofuna, su kurɓi wannan su kurɓi wancan, su ce wannan ta fi waccan. Nawa kwatancen da kunne zan yi shi, daga littattafan tarihi da bakin tsofaffi, a kan yankinmu na Ƙonni, Malbaza da Illela.

Kafin kwalba ta zo

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a dutsen Dala. A cikinsu akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai makaɗi, akwai kuma Bugazau, wanda aikinsa dafa giya. Wato a tunanin waɗanda suka adana wannan labari, dafa giya sana'a ce da ake ambata tare da ƙira. Joseph Greenberg, wanda muke haddace rabe-rabensa na harsunan Afirka a aji, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano kafin ya fitar da littafinsa a 1946, kuma shan giya yana cikin abubuwan da ya ga suna raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi.

Mu nan yamma ba mu cewa Maguzawa, Azna muke cewa. Mutanen Maraɗi su ce Anna, na gabas su ce Arna. Yau kalmar ta kusa zama zagi, amma a tarihin Adar, kamar yadda Djibo Hamani da Nicole Echard suka nuna a littattafansu na 1975, Azna su ne mutanen da aka tarar a ƙasar, masu gonaki da tsafin ƙasa. Lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa ta riƙe sarautar da ke Illela a yau, amma sha'anin ƙasa da damina ya ci gaba da zama a hannun Azna. Har gobe a Massalata, nan kusa da Ƙonni, ana taruwa kowace shekara don arwa, a duba yadda damina za ta kasance, kuma manyan gari kan halarta.

A irin wannan rayuwa, giya tana da wurin zamanta. Ana dafa ta don gayya, idan mutum ya kira dangi da maƙwabta su taya shi noma. Ana dafa ta don biki da mutuwa, da lokacin da babban manomi ya tara damman da za su kai shi ga sarautar noma. Ana zuba wa ƙasa da magabata kaɗan kafin rayayyu su sha. Ko a bori, iskokin gidan arna da shan giya ake siffanta su. Abin lura shi ne, giya ta wancan zamani tana bin rumbu. Shekarar da aka samu albarka a dafa, shekarar da hatsi ya yi ƙaranci tukunya ta huta.

Burkutu da fito

Hanyar dafuwar ba ɓoyayya ba ce, kusan iri ɗaya ce daga nan har Burkina, inda ake kiranta dolo, da Benin da Togo, inda ake cewa cukutu, da Kamaru da Cadi, inda ake cewa bilbil. A jiƙa dawa ko hatsi kwana guda, a tsame, a baza a inuwa a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ta tsiro. A shanya tsiron a rana, a niƙa. Sirrin duka yana cikin wannan tsiro, domin ƙwayar da ta fara tsirowa tana fitar da sinadarin da ke mayar da gari sukari. A dama garin da ruwa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a bari ya huce. Daga nan a zuba ɗan guntun tsohuwar dafuwa, wanda shi ne yis ɗinsu. Kwana ɗaya zuwa biyu tukunya ta fara kumfa, sukari ya fara komawa abin maye.

Bambancin burkutu da fito yana wurin tata. Burkutu ba a tace ta sosai, tana da kauri, launinta ja-ja mai duhu, ba a hango gindin ƙwarya, kuma tsaminta ya fi fitowa. Wanda ya sha ta kamar ya sha kunu ne, tana cika ciki, shi ya sa ta dace da mai noma a rana. Fito an tace shi, ya fi tsinkewa, ya fi haske, zaƙinsa ya fi daɗewa kafin tsami ya rinjaye shi. Ƙarfinsu duka ba ya wuce kashi 2 zuwa 6 cikin 100, gwargwadon daɗewar tukunya. Sunan fito ma abin nazari ne. Daga Gana har Najeriya ana cewa pito, amma Hausa ba ta da sautin p a matsayin harafi mai zaman kansa, sai ta mayar da shi f, kamar yadda ta yi wa fasfo da fakiti. Mu kuma da muke cewa hita da hili maimakon fita da fili, bakinmu hito zai ce. A rubutun boko kuwa kalmar ta haɗu da fiton jirgi da fiton baki, sai jimla ce ke raba su.

Akwai wata iri da matafiya suka ambata. Clapperton, Baturen da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma rasu a can a 1827, ya kwatanta wani abin sha mai suna buza da ya gani a kasuwar Kulfo, kan hanyar fataken Hausa zuwa Nufe. Ana haɗa dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa, a ajiye a manyan tuluna kusa da wuta na ƴan kwanaki. Bammi shi kuwa ruwan itace ne, daga ƙasashen kwakwa da tukurwa yake zuwa, babu ruwansa da rumbu. Barasa ita ce wadda aka turara aka tsamo ƙarfinta, tana kaiwa kashi 40 cikin 100. Wanda ya haɗa waɗannan duka ya kira su abu ɗaya, ta fuskar hukunci ya yi daidai. Ta fuskar tarihi kuwa ya haɗa gero da tsakuwa.

Tukunya ɗaya, ɗanɗano uku

A hutun da ya wuce na je wurin wata tsohuwa, ƙawar kakata, a wani ƙauye tsakanin Ƙonni da Dogarawa. Ta yi Makka, carbi ba ya barin hannunta, amma uwarta mai dafa giya ce. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta yi dariya ta ce: "Ɗiyata, mi kika so da zancen ga? Mun bar shi tun ba a haihi uwakki ba." Na ce: "Inna, kalmomin nika biɗa, kada su tahi tare da ku." Sai ta gyara zama.

Ta ce a gidansu tukunya ɗaya tana ba da abu uku. "Ta sahe zaƙi gare ta, ko yaro na lasa. Ta rana ita ta kai, ita maza ka so. Ta marece kau ta yi yami, sai wanda ba shi da zaɓi." Wannan ya yi daidai da abin da kimiyya ta sani, domin giyar ƙwarya ba a kashe yis ɗinta, tana ci gaba da aiki har a cikin ƙoƙon mai sha. Ta ce ta jar dawa, ko jad dawa a bakinta, tana da bauri da nauyi, ta hatsi kuwa ta fi garɗi amma ba ta jimiri. Idan wuta ta yi yawa a ce ta yi ƙauri. Idan an cika ruwa a ce lami ce, kuma wannan abin kunya ne ga mai dafuwa. Sannan doka ce mai tukunya ita ke fara kurɓa a gaban baƙo, don ya san babu sammu a ciki.

Ku dubi kalmomin nan: zaƙi, tsami, yami, ɗaci, bauri, garɗi, kauri, ƙauri, nauyi. Dukkansu gaɓa biyu ne, gaɓar farko mai nauyi, kuma suna ƙarewa da wasalin i. Masanin Hausa F. W. Parsons ya ware su a 1955 a matsayin aji guda na sunaye masu bayyana abin da jiki ke ji. Suna haihuwa iri ɗaya: zaƙi ya ba da zazzaƙa, tsami ya ba da tsattsama, kauri ya ba da kakkaura da kaurara. Mai ɗanɗana giya a Jamus ko Beljiyam sai ya ari sunan ƴaƴan itace da furanni kafin ya faɗi abin da ya ji. Tsohuwar nan ba ta ari komai ba, nahawun harshenta ya riga ya tanadar mata ma'auni.

Da na tambaye ta yadda aka yi aka bari, amsarta gajeruwa ce: "Yunwa ta kihe tukwane, salla ta hana a tada su." Farin 1973 da 1974 take nufi. Wanda ke neman abin da zai sa a bakin yara ba ya jiƙa dawa kwana huɗu don gayya. Kafin rumbuna su dawo, ƙauyen ya cika da masallatai, samari sun tafi bida sun dawo da wata fahimta.

Daga Maratta zuwa iyaka

Amma maganar ta girmi 1973 nesa. A Maratta, kusa da Galmi cikin gundumar Malbaza ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A littafinsa Kitabul Farƙi, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Hausa na zamaninsa, akwai ci da shan abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba. Tun kafin yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, Ƙonni tana cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci. Daga nan giya ta fita daga fada da birni, ta koma ƙauye. Ta tashi daga sana'ar da ake lissafawa tare da ƙira, ta zama alamar da ake gane wanda bai shiga Musulunci ba. A ganina tun lokacin ne kalmar azne ta fara sauya nauyi a kunnen mutane.

Sai Turawa. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe jama'a masu yawa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka bar Ƙonni a hannun Faransa, Sakkwato a hannun Ingila, muka wayi gari da Illela biyu, ta Adar da ta bakin iyaka a Najeriya. Abin mamaki, Turawan nan sun zo da takardar hani a aljihu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Ingila ta yi amfani da wannan a Arewacin Najeriya. Amma hanin bai shafi teburin kwamanda ba. A barikin soja da gidajen ma'aikatan gwamnati aka fara ganin kwalba, kuma daga nan ta samu darajar da ƙwarya ba ta taɓa samu ba, ta zama abin shan wanda ya yi lakkwal yake ɗaukar albashi.

Giyar kwalba

A 1949 aka fara yin Star a Legas. A farkon shekarun 1960 Guinness ta buɗe masana'anta a Ikeja, aka kuma buɗe wata ta giya a Kaduna. A Nijar kamfanin Braniger ya kafu a 1967, ya yi Bière Niger mai hoton raƙumin dawa, wadda mutanen Yamai suka laƙaba wa suna Conjoncture, kalmar Faransanci da ake nufin matsin tattalin arziki da ita. A wannan zamanin ne yankinmu ya fara sanin aikin albashi da gaske, da masana'antar siminti ta Malbaza a tsakiyar shekarun 1960, da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, da manyan motoci masu kwana a Ƙonni. Kalma ta shigo ta ƙofa biyu: daga kudu biya, daga Faransanci biyer. Mu da muke ƙirga huɗu, biyat, shidda, ba mu rikita ta da lissafi ba.

Idan aka ajiye ƙwarya kusa da kwalba, bambancin a fili yake. Ta kwalba irin Star da Bière Niger ta samo asali daga salon da aka fara a garin Pilsen a 1842: tsiron sha'ir, yis mai aiki cikin sanyi, tacewa har ta yi garau, da furen wata shuka mai yaɗo da Faransawa ke kira hublon, wanda ke ba ta ɗaci ya kuma hana ta lalacewa. Ƙarfinta kusan kashi 5 cikin 100. Guinness ta Najeriya baƙa ce saboda an gasa ƙwayar, ɗacinta ya fi, ƙarfinta kashi 7.5. Wato ginshiƙin ta ƙwarya tsami ne, na kwalba ɗaci. Ta ƙwarya rayayya ce, kwana biyu ta lalace, don haka dole a sha ta a inda aka dafa, cikin mutanen da suka san juna, a idon tsofaffi. Ta kwalba an dumama ta an kashe yis ɗinta, tana yin watanni, tana hawa mota, ana iya shan ta a ɗaki a kulle. Ta ƙwarya kuɗinta yana shiga hannun matar ƙauye, na kwalba yana tafiya Yamai, Legas ko Turai.

Tarihi kuma ya yi wani juyi. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Dole kamfanoni suka koma ga dawar Arewa, suka ɗauki masana suna binciken yadda za a tsirar da ita. Abin da uwar tsohuwar nan ke yi da ganye da tabarma, shi aka koma yi da injuna.

Daga 2000 zuwa yau

Bayan Zamfara, jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka rufe mashaya. Ƙonni tana da tazarar ƴan kilomita kaɗan daga iyaka, sai masu nema suka riƙa tsallakowa, garinmu ya yi wani suna da ba mu ne muka zaɓa ba. A Maraɗi kuwa, a Nuwamba na wannan shekarar, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta kai ga farfasa mashaya. Tun daga nan magana a kan giya ta zama ta ɓangare biyu kawai, mai tsinewa da mai ɓoyewa.

Ga inda abin ya shafe mu. Ku duba fada-fadar samari a Ƙonni, Malbaza, Galmi ko Badagishiri. Wanda ya lalace a cikin sa'anninmu, da wuya a ce burkutu ce ta kayar da shi. Tramol ne, da maganin tari mai kodin da Najeriya ta hana a 2018, da barasar leda mai arha wadda ƙarfinta ya ninka na burkutu sau da yawa. Waɗannan ba su da lokaci, ba su jiran kaka, ba su da tsohuwar da za ta ce ya isa. Ba a ma tambayar ɗanɗanonsu. Babu mai cewa tramol yana da garɗi ko bauri, tambaya ɗaya ce: yana bugarwa? Ba ina cewa a koma wa tukunya ba. Giyar ƙwarya ma ta raba aure, ta jawo faɗa a gona, ta cinye hatsin da ya kamata a yi tuwo da shi, kuma ƙa'idar malamanmu na Malikiyya ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Abin da nake cewa shi ne, mai son ya yi wa ƙaninsa magana a kan maye ya kamata ya san cewa abin da ke hannun yaron sabon abu ne, kasuwa ce ta kawo shi, kuma ya fi duk abin da kakanni suka sani haɗari. Wanda ke ce wa matasa ƙasar nan ba ta taɓa sanin giya ba, ranar da suka gano ba haka ba ne, sauran maganarsa ma za su zubar.

Ilimin tsiro kuwa bai mutu ba. Kunun zaƙin da ake sayarwa a tasha, da tsiro ko dankali ake tsinka shi ya yi zaƙi, rabin hanyar burkutu ke nan, an tsaya kafin kumfa. Maltina da ake rabawa a suna da ɗaurin aure, wadda kamfanin da ke yin Star ya fito da ita a 1976, ruwan tsiro ce da ba a bari ta zama giya ba. Iyayenmu mata sun riƙe fasahar, sun ajiye mayen. Wannan ma tarihi ne, kuma nasu ne.

Saura kalmomin. Ƙamusun Bargery na 1934 da aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar sun kama abin da suka kama, amma kowane ƙauye yana da nasa sunayen matakan dafuwa, da na tukwane, da kirarin masu gayya. Masu riƙe da su sun haura saba'in, kuma da yawansu kunya ta hana su faɗi sai an tambaye su da ladabi. Duk wanda zai je gida hutun nan, ya ɗauki kaye da biro, ko ya buɗe rikodar salularsa, ya durƙusa gaban kakarsa ya tambaya. Ya rubuta kalmar yadda ta fito daga bakinta, da hw ɗinta da ukku ɗinta, kada ya gyara mata zuwa Hausar Kano. Ya sa sunan yankin da shekarar. Idan mun dawo mu haɗa su a fitowa ta gaba.